Rumfar da Aka Kafa wa Gansakukata

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni waɗanda sai an tuna mini nake tunawa, amma zancen rumfar da aka kafa mini a Rimawa ba ya cikinsu. Wannan kam ya zauna daram, ko na so in manta ba zai mantu ba. Shekaru sun ja, da yawa daga cikin waɗanda suka ga abin sun riga mu gidan gaskiya, amma in na tashi ba da labarin sai in ji kamar jiya na sauka daga kan babur a bakin kanal.

Ni mutuniyar Wurno ce, daga gidan malamai. Kakana ya karantar, mahaifina ya karantar, ni kuma da aka sa ni boko sai na ɓullo ta inda ba wanda ya zata, na kama karatun gansakuka. E, wannan koren abin da ke taruwa a ruwan da ya daɗe a kwance, wanda mata ke kankarewa daga jikin randa suna tsaki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in baƙi suka tambaye shi abin da nake karantawa a jami'a, sai ya gyara zama ya ce, “Ɗiyag ga tawa gansakuka taka nazari. Kowa da ƙohwad da Allah yab buɗe mai.” Yana faɗa yana danne dariya, ni kuma ina bayan labule ina cika ina batsewa.

Aikin nawa ba shi da wuyar faɗi. Bayan da aka yi madatsar ruwa ta Goronyo, ruwa ya shiga kanal yana ratsa gonaki rani da damina, wasu manoma suka fara haƙa tafkunan kifi a gefen albasa da shinkafa. Akwai irin gansakukar da ƙananan kifi ke ci su girma, kuma ana iya nomanta a fili kamar yadda ake noman komai. Matsalar ita ce rana. Gansakuka da haske take rayuwa, amma in ya yi mata yawa sai ta galabaita, korenta ya koɗe, ta daina yaɗuwa. Ranar ƙasarmu kuwa a bazara ba ta san wasa ba. Abin da nake nema shi ne in auna iyakar wahalar da hasken ke ba ta, domin mai kiwon kifi ya san yawan inuwar da zai yi wa tasa.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, aka ba ni hutun karatu don in yi digiri na biyu, kuma hutun zai ƙare da shigowar damina. Wato bazara ɗaya tak nake da ita a hannu. Aka gina mini ƙananan tafkuna huɗu na siminti, marasa zurfi, a bakin kanal kusa da Rimawa. Biyu na lulluɓe su da baƙar raga mai rage rana, biyu na bar su a buɗe rana na dukansu daga fitowarta har faɗuwarta. Waɗannan biyun na fili su ne zuciyar aikin. Dole su sha ranar bazara daga farkonta har ƙarshenta ba a katse musu ba, in ba haka ba ba ni da abin da zan kwatanta na cikin raga da shi.

Ina da 'yar na'ura da ba ta fi tocila girma ba. Zan ɗebo ruwan tafki a 'yar kwalba, in sa shi a duhu na ɗan lokaci ya natsu, sannan na'urar ta watsa masa haske farat ɗaya ta nuna lamba. In lambar ta yi sama, gansakuka na cikin ƙoshin lafiya. In ta yi ƙasa, rana ta ci ƙarfinta. Ina aunawa da safe, da tsakar rana, da yamma. Awon tsakar rana shi ne mai wuya, lokacin da ko akuya ta lafe a gindin bango, ni kuwa ina tsugune a bakin siminti, hijabina ya jiƙe sharkaf, ina jiran kwalba ta gama zaman duhunta.

Masaukina gidan wani dattijo ne manomin albasa, wanda ya ɗauki karatu wurin mahaifina a Wurno tun yana saurayi. Baba nake ce masa, matarsa kuma Inna. Mutum ne dogo, marar yawan magana, irin mutanen da in sun ga abu sai su haɗiye shi su yi ta juya shi a ciki su kaɗai. Gonarsa na maƙwabtaka da tafkunana, don haka in ya taso zuwa sallar azahar ta gabana yake wucewa. Wata rana ya tsaya a kaina yana kallon na'urar.

“Ɗiyata, mi abin ga ka cewa?”

“Cewa takai suna shan wuya, Baba. Rana ta yi musu yawa.”

“Suna da rai kenan.”

“Suna da rai.”

Ya nuna na cikin raga da sandarsa. “Waɗanga hwa?”

“Su da sauƙi, inuwa na taimakonsu.”

Ya dubi masu raga, ya dubi na fili, ya sake duban masu raga. Ya ce, “Allah shi kyauta,” ya wuce masallaci. Ni a wurina magana ta ƙare nan. Ashe shi a wurinsa nan ta fara.

Bazara ta yi nisa, aiki na tafiya yadda nake so. Kullum lambar tafkunan fili ƙara nutsewa take yi da tsakar rana, korensu ya koma kamar ruwan miyar kuɓewar da aka tsinka, ni kuwa murna nake yi, don abin da na zo gani kenan. Saura kaɗan in kai ga ranakun da suka fi kowanne zafi, waɗanda ake yi dab da faɗuwar ruwan farko. Ana nan, wata safiya ina wanke kwalabe, yayana ya kira ni. Muryarsa kawai na ji na zauna a ƙasa. Mahaifinmu ya yi sallar asuba, ya koma kan buzunsa, bai ƙara tashi ba.

Ban san yadda muka isa Wurno ba. Na dai tuna Baba ne ya samo mota, kuma na tuna a bakin ƙofa na riƙe hannun Inna na ce ta riƙa ƙara wa tafkunan ruwa daga kanal, tana motsa su da muciyar da nake motsa su da ita. Aka yi jana'iza, aka zauna makoki. Baba ya zauna a zaure tare da sauran ɗaliban mahaifina, ba ya ci ba ya magana. Da aka yi addu'ar uku ya koma Rimawa, ni kuma na tsaya wurin mahaifiyata har aka yi ta bakwai. In tunanin aikin ya zo mini, sai in ce wa kaina ba komai. Giɓin 'yan kwanaki a awo ba ya kashe aiki, tunda ko ina nan ko ba na nan rana na can tana yin nata.

Ranar da na koma, ɗan kabu-kabu ya ɗauko ni daga Goronyo da hantsi. Na ce ya bi da ni ta bakin kanal in leƙa tafkunan kafin in shiga gida. Tun daga nesa na hango wani abu da ban bari a wurin ba. Na ɗauka idona ne, don kuka ya sa ba na gani sosai a kwanakin. Da muka matso sai na ga rumfa ce, doguwa, an kafa mata dirkoki masu kauri, an shimfiɗa sabon zana ninki biyu a sama, an ɗaure da igiyar kaba tamau. Kyakkyawar rumfa, wadda ko a ƙofar gidan hakimi aka kafa ta ba za a ji kunya ba. Kuma a kan tafkunana biyu na fili take, ta rufe su ruf, ko ɗigon rana ba ya sauka.

A gefenta mutane ne zaune kan tabarmi, manoman da gonakinsu ke wurin, sun ji zan dawo sun taru su yi mini ta'aziyya. Inna ma tana nan da wasu mata a can gefe. Na durƙusa na gaishe su. Aka yi addu'a, aka shafa. Sannan Baba ya yi gyaran murya, shi da ba ya son magana cikin jama'a.

“Ɗiyata, Allah shi jiƙan Malam, shi ba mu hanƙurin rashi nai. Ni ba ni da abin da za ni kai gidanku wanda yak kai darajar abin da Malam yab ba ni. Amma tun randa kic ce min abubuwan ga na shan wuya, nis san raga ta ba ta ishe ki ba. Kuma na san ɗiyan gidanku, ba su roƙo. Shi na nig gayyato 'yan'uwa munka ƙarasa miki, don ki ishe aikinki cikin rufin asiri.”

A lokacin na gane abin da ya yi ta juyawa a ransa. Ya ga tafki huɗu, raga a kan biyu. A ƙasarmu in ka ga an rufa rabin ɗaki an bar rabi, ba ka tambayar mai ɗakin dalili, ka san ciyawa ce ta ƙare. Tambaya tonon asiri ce. Abin da mutumin kirki ke yi shi ne ya jira ranar da mai ɗakin ba ya nan, ya hau ya ƙarasa masa. Haka Baba ya yi mini, kuma kashegarin dawowarsa daga Wurno ya yi, wato gansakukata ta yi kwanaki tana hutawa a inuwa.

“Ɗauko abin awon naki ki gwada muna,” in ji shi, “mu ji mi za ta ce.”

Na'urar na cikin jakata. Na ɗebo ruwa, tun a ido na ga ya yi kore shar kamar ganyen alayyafo. Na sa shi a duhu, mutane suka yi tsit suna jira kamar ana jiran likita ya fito daga ɗakin marar lafiya. Na danna. Lambar da ta fito ban taɓa ganin mai kyanta a waɗannan tafkunan ba tun da na fara.

“Mi tac ce?”

Na ce, “Ta ce sun warke, Baba.”

Wurin ya ɗauki alhamdu lillahi. Wani tsoho ya dafa kafaɗar Baba, fuskar Baba kuma ta saki, karo na farko tun rasuwar. Ni kuwa sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ko a Wurno ban yi ba. Inna ta taso ta rungume ni tana cewa in yi hanƙuri, Malam addu'a yake bukata. Kowa ya ɗauka kukan maraici ne. Ni kaina har yau ban san kashi nawa na mahaifina ne, kashi nawa na aikina, kashi nawa kuma na ganin irin son da mutanen nan suka nuna mini ba.

Da yamma na kira malamina na jami'a na gaya masa. Sannan ya faɗi abin da na riga na sani. Gansakukar da ta sha inuwa ta riga ta sake jiki, ko yau na yaye rumfar ba ita ce wadda na faro da ita ba. A sake sabon zubi kuma lokaci ya ƙure, don hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ya ce, “Sai baɗi. Allah ya jiƙan Malam.” Shi kenan. Hutuna zai ƙare, zan koma aji hannu rabbana, abokan karatuna su gama su bar ni.

Da farko na yanke shawarar ba zan faɗa wa Baba ba. Mutum ya yi maka alheri da zuciya ɗaya, a cikin makokinka, da wane baki za ka ce masa ɓarna ya yi? Na ce zan tattara in tafi, baɗi in dawo in sake, shi kuma ya zauna da farin cikinsa. Amma washegari da na kai masa gaisuwar safe, sai ya ce mini, in Allah ya kai mu baɗi kuma zan sake wannan aikin, tun kafin in iso zai sa a kafa rumfar, ba sai sun sha wuya ba tukuna. Nan na ga shirun ba zai fisshe ni ba. Na samu Inna a madafi na zayyana mata komai, ina fatan ta isar mini. Ta daɗe tana tura kara cikin murhu, sannan ta ce, “Ki hwaɗa mai da bakinki. In ga bakina yaj ji, gani zai yi awa kin rena shi.”

Bayan la'asar na same shi a zaure yana jan tasbaha. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

“Baba, akwai maganad da nika son in yi, amma tana yi min nauyi.”

“Hwaɗi, ɗiyata.”

Na faɗa. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in iso, amma na iso. Na ce masa tafkunan filin nan da niyya na bar su a rana. Tasbahar ta tsaya a hannunsa.

“Kenan raga ba ƙarewa tay yi ba.”

“A'a, Baba. Akwai saura cikin ɗakina, a naɗe.”

Ya ce, “Kin san suna shan wuya, kib bar su da gangan.”

“Da gangan. Sai an san iyakar abin da suka iya ɗauka, sannan a san inuwad da za a yi ma na kowa.”

“In an kware rumhwar yanzu hwa?”

“Bana ta wuce, Baba. Sai baɗi.”

Ban taɓa ganin tsufa ya sauko wa mutum a zama ɗaya ba sai ranar. Ya ce a hankali, “Ga rashin Malam, ga shi na ci miki shekara guda.” Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, ƙaddara ce, ya ɗaga mini hannu. “Bari, kada ki rage min. Kayana na, ni ka ɗaukar shi.” Can kuma ya ce, “Mutanen da sunka yi gayya, kin hwaɗa ma wani?” Na ce a'a. Ya ce, “Tau, kada ki hwaɗa. Su don Allah sunka yi, a bar su da ladarsu da daɗin ransu.”

Washegari da sassafe na tarar da shi a kan rumfar, shi kaɗai, yana kwance igiya. Tsoho ne fa, amma ya hana kowa sa hannu, har ni. Rumfar da jama'a suka kafa da raha, shi ɗaya ya sauke ta, zana bayan zana, har rana ta take. Duk wanda ya zo wucewa ya tambaya, sai ya ce, “Albasa ka bukatar zananta.” Kuma ba ƙarya ya yi ba. Ranar na ji daga bakin Inna cewa zanan da ya tanada don rumfar ajiyar albasarsa ne ya kwasa ya rufa wa gansakukata, ya bar albasar da ɗan tsohon rufi, har ta sama ta fara laushi. Bai taɓa ambata mini wannan ba. Ba a jima ba ruwan farko ya sauka, na kwashe kwalabena na koma Wurno.

Shekarar nan ta yi mini tsawo. Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da ina gaban allo ina koyarwa sai haushi ya turnuƙe ni, musamman da na ji abokaina sun gama. Sai dai haushin ba shi da wurin sauka. In na kai shi kan Baba, sai in gan shi a kan rumfa yana kwance igiya, sai ya dawo mini.

Da bazara ta zagayo na roƙi izini a makaranta, aka tausaya aka ba ni, na koma Rimawa na sake zubi. Biyu a raga, biyu a fili. Ranar farko da na fita awon tsakar rana, sai na tarar da Baba zaune a kan simintin tafkin fili, malafa a kansa, sanda a gefe. Ga bishiyar dogonyaro nan kusa da inuwarta mai sanyi, amma a cikin rana ya zauna. Na ce ko wani abu ya faru, ya ce babu. Washegari ma haka, jibi ma haka. In shanu sun nufo kanal ya kore su, in wani ya tsaya yana tausayin tafkunan ya ce masa, “Wuce, haka aka son su.” In na gama awo ya tambaye ni abin da na'ura ta ce, in gaya masa lambar ta ƙara sauka, ya girgiza kai, ya tashi ya tafi alwala.

Da zafi ya kai maƙura na kasa daurewa. Gumi na zuba daga gemunsa, leɓɓansa sun bushe. Na ce, “Baba, don Allah koma inuwa. Ranag ga ba ta tsoho ba ta.”

Ya ce, “Ke kina ciki, su suna ciki. Tunda inuwa ba ta halatta gare ku ba, ai a tsaya muku.”

Bai fasa ba har ranar da na ɗauki awon ƙarshe, hadari na haɗowa a bayanmu. Da wannan awon na gama digirina.

Abin da wannan al'amari ya koya mini, ban same shi a jami'a ba. Mu mutane ne masu kunya da kawaici, muna ganin tambaya kamar cin fuska, bayani kuma kamar nuna isa, ga shi a tsakanin shirun mutum biyu masu son juna shekara guda ta salwanta. Tun daga lokacin, in na ga wani cikin wahala, ina tambaya kafin in kai hannu, ko da tambayar ta yi mini nauyi. Kuma na gane ba kowace wahala ce ake yi wa rumfa ba. Akwai wadda dole mai ita ya sha ta har ƙarshe, karatu ne, ko rashi, ko jinya, kuma wanda ke ƙaunarsa ba shi da abin yi sai ya zo ya zauna kusa da shi a cikin ranar. Allah ya jiƙan mahaifina, ya jiƙan Baba, ya sa su a inuwar da ba ta gushewa.